Darajar Tafiyar Hawainiya: Tarihin Ɗan Kan Jirgin Shantin

Kusan duk na'urar da ɗan Adam ya ƙera, da sauri ake yi mata kirari. Mota, jirgin sama, wayar hannu da kwamfuta duk da gudu ake tallarsu, mu kuwa masu rubuta manhaja mun fi kowa kamuwa da wannan cuta, domin da ɓarin sakan muke auna aikinmu. Amma akwai wata 'yar na'ura da ake yi wa farashi da akasin haka. A Birtaniya da Jamus da Amurka da Japan akwai magidanta masu gina ƙananan layukan dogo a kan tebur, da tashoshi da gadoji da taragai, komai an rage shi bisa ma'auni guda. Idan ɗayansu ya tashi sayen ɗan kan jirgin da zai riƙa jera masa taragai, ba ya damuwa da iyakar gudunsa. Abin da yake so ya gani shi ne rarrafensa: zai tashi a hankali ba fizga? Zai haye mararrabar dogo da tafiyar hawainiya bai tsaya ba? Zai taɓa tarago ya maƙala shi ba tare da ya bangaje shi ba?

Tambayoyin suna da sauƙin yi, amma an shafe kusan shekara ɗari kafin a sami kan jirgin kanti da zai amsa su yadda ya kamata. Tarihin wannan jira ya ratsa ta filayen ajiye taragai, da masana'antun kayan wasan yara, da ɗakunan da aka haifi ilmin kwamfuta. Shi ya sa muka ga ya cancanci a bi shi daki-daki.

Aikin da ake kwaikwayo

Jirgin kaya na zamanin da tarin taragai ne da kowanne ke da garin da ya nufa. Wannan na kwal ne, wancan na shanu, na bayansa na katako. Kafin jirgi ya tashi sai an ware su, an jera su bisa tsarin tashoshin da za a sauke su, domin kada wanda za a cire a tasha ta farko ya kasance a tsakiya. Wannan warewa da jerawa shi Turawa ke kira shantin. Wanda ya tashi kusa da tashar jirgi a Kano ko Zariya ko Kaduna ya san ƙararsa ko bai san sunansa ba, wato gwarewar taragai da dare da ƙugin kan jirgin da ke gaba yana baya bai je ko'ina ba. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, da irin wannan aiki aka riƙa haɗa taragan gyaɗa masu gangarawa Ikko. Abin dariya, a Turancin Nijeriya kalmar ta koma nufin tsallake layi a banki ko gidan mai, alhali asalinta aikin sa kowa a layinsa ne.

A Birtaniya an daɗe ana yin wannan aiki da dawaki a ƙananan tashoshi. Dokin shantin na ƙarshe na hukumar jiragen ƙasa ta British Railways, mai suna Charlie, sai a 1967 ya yi ritaya a garin Newmarket. Ma'aikacin shantin kuwa da doguwar sanda mai ƙugiya yake gudu a gefen taragai yana maƙala sarƙa yana cirewa, cikin duhu da ruwan sama, kuma aikinsa na cikin mafi haɗari a duk harkar reluwe. Yawan mutuwa da guntulewar hannu ya sa majalisar Birtaniya ta yi dokar kare ma'aikatan jirgi daga haɗurra a 1900. A Amurka, Eli Janney ya yi rajistar maƙallinsa mai kulle kansa a 1873, sannan dokar 1893 ta tilasta wa kamfanoni amfani da irin wannan maƙalli domin mutum ya daina shiga tsakanin taragai biyu.

Na'urar da ta zama sarauniyar wannan aiki a Birtaniya ita ce kan jirgin da aka sani da Class 08. An ƙera guda 996 tsakanin 1952 da 1962. Injinsa na dizal na kamfanin English Electric mai ƙarfin doki 350 ne, yana juya janareto, janareton yana ba injinan lantarki wuta, su kuma suna juya ƙafafu shida da sandunan ƙarfe suka haɗe. Nauyinsa kimanin tan 49, iyakar gudun yawancinsu mil 15 a awa, wato kilomita 24. Mai keke mai ƙwazo zai wuce shi. Amma zai iya jan dogon jerin taragai daga tsaye cak, ya tura su da saurin tafiyar mutum, ya tsaya daidai inda aka nuna masa. Bayan rahoton Beeching na 1963 da zuwan jiragen kwantena, jigilar kaya tarago-tarago ta yi ta raguwa, aka rufe filaye da yawa. Duk da haka har yau akwai irin waɗannan kawuna da ke aiki, sun haura shekara sittin. Mai gina filin shantin a tebur yana riƙe da hoton sana'ar da galibinta ta shuɗe, kuma hoton ba ya fita idan kan jirgin yana zabura kamar ɗan akuya.

Kayan wasan da aka haifa da gudu

Ƙananan jiragen sun fara ne a matsayin abin wasan yara. A kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891, kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ya nuna jirage masu guntayen dogo da ake haɗawa, da faɗin dogo na dindindin, ta yadda abin da aka saya bana zai dace da na baɗi. A Liverpool, Frank Hornby, mai kamfanin Meccano, ya fitar da nasa jiragen a 1920. Waɗannan duka sifirin irin na agogo ke tafiyar da su. A murɗa makulli, a saki, jirgi ya fyalla a guje yana zagaya da'ira har ƙarfinsa ya ƙare. Ba wanda ya tambayi rarrafe, domin yaro gudu yake so, sifirin kuma bai iya komai ba sai gudu.

A 1922 kamfanin Bing na Jamus, da haɗin gwiwar Bassett-Lowke da injiniya Henry Greenly na Ingila, ya fito da jirgin da zai zauna a kan teburin cin abinci, mai dogo kusan rabin faɗin wanda aka saba. Daga nan aka sami wata matsala da Ingila ke ɗauke da ita har yau. Jiragen Birtaniya na gaske sun fi na Amurka da na nahiyar Turai ƙanƙantar jiki, saboda ramukan duwatsu da gadojinsu tsofaffi ne matsattsu. Da aka rage su bisa ma'aunin da sauran duniya ta ɗauka, wato HO, kashi 1 cikin 87, sai injinan lantarkin wancan zamani suka ƙi shiga cikinsu. Mafitar da aka samu ita ce a ƙara girman jiki zuwa kashi 1 cikin 76, milimita 4 a madadin ƙafa guda, a bar dogo a milimita 16.5. Wannan shi ne ma'aunin OO. Dogon gaske faɗinsa milimita 1,435 ne, wanda a wannan ma'auni ya kamata ya zama 18.83, don haka kowane jirgin OO yana tafe ne a kan dogon da ya yi masa kaɗan. Da Hornby ya fito da jerin Dublo a 1938 a kan wannan ma'auni, magana ta zauna. Injinan sun ƙanƙance tun tuni, amma ba a koma baya ba, domin miliyoyin taragai da dogo sun riga sun shiga gidaje. Duk mai rubuta manhaja ya san irin wannan gado: dabarar wucin gadi da aka yi don matsalar da ta mutu, amma dabarar ta ƙi mutuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta shigo. Kamfanin Rovex, wanda ya zama Tri-ang Railways, ya fara sayar da jirage masu araha a 1950, masu karɓar wuta ta dogo biyu maimakon uku, har ya kai ga iyayen gidansa sun haɗiye Meccano a 1964. Tri-ang ya fitar da kan shantin na dizal a 1956, amma a kan ƙashin wani kan jirgin tururi da yake da shi aka ɗora jikin, saboda rage kuɗi. Daga baya kuma ƙananan kawuna masu ƙafa huɗu irin Smokey Joe na Hornby suka cika akwatunan kyautar yara. Suna da juriya, suna da araha, sun shigar da yara da yawa cikin harkar, amma sun yi suna da tashi kamar an harba kibiya. Siffarsu ta masu rarrafe ce, halinsu na masu tsere.

Abin da ya sa rarrafe ke da wuya

Bari mu yi ɗan lissafi. Mil 15 a awa, idan aka rage bisa ma'aunin OO, milimita 88 ne a sakan. Saurin tafiyar mutum, wanda da shi ake tunkarar tarago, kimanin milimita 23 ne a sakan. Ƙafar Class 08 a wannan ma'auni faɗinta milimita 18, ke nan a wannan tafiya tana juyawa kusan sau 25 kacal a minti. Ƙaramin injin lantarki kuwa ba ya jin daɗin aiki sai yana juyi dubbai a minti. Dole a sa haƙoran giya masu rage gudu sosai tsakaninsa da ƙafa, kuma duk ɗan kuskure a yankan haƙori ko a daidaita sandunan ƙafa zai bayyana a matsayin ɗingishi sau ɗaya a kowane juyi.

Injin kansa yana da nasa hali. Na zamanin Tri-ang, irin X.04, sanduna uku ne a cikinsa da aka naɗe da waya, kuma maganaɗisu yana kama kowace sanda idan ta zo wucewa. Kafin ya motsa sai an ba shi wutar da za ta fi ƙarfin wannan riƙo, da zarar ya kuɓuce kuma wutar ta yi masa yawa, sai ya zabura. An rage wannan da injina masu sanduna biyar da aka karkata naɗinsu, sannan da waɗanda ba su da ƙarfe a ciki sam, irin na Faulhaber da Portescap.

Sai maganar nauyi. Tsawo yana raguwa sau 76, amma nauyi yana raguwa sau 76 a tsaye, sau 76 a kwance, sau 76 a faɗi, wato kusan sau 440,000. Tan 49 ya koma kimanin giram 110, bai kai wayar hannu ba. Kan jirgin gaske idan aka yanke masa wuta zai ci gaba da gangarawa saboda nauyinsa. Na tebur yana tsayawa nan take, musamman da yake giyarsa mai kama da kusar murɗi ba ta barin ƙafa ta juya inji. Datti kuwa ba ya bin ma'auni. Ƙurar da ke ɗaki girmanta ɗaya ko jirgi babba ne ko ƙarami, kuma ta ƙafafun nan ne kawai wuta ke shiga daga dogo.

A nan ne hikimar murhu ta shigo. Tukunya tana zama daram a kan duwatsu uku ko ƙasa ba ta daidaita ba, kujera mai ƙafa huɗu kuwa sai ta yi rawa. Kan jirgi mai sandararren ƙashi, ko ƙafafunsa nawa ne, a kan uku yake tsaye a kowane lokaci, sauran suna iya kasancewa a sama da tazarar da ido ba ya gani. A mararraba kuma, inda dogo biyu masu wuta mabambanta ke gittawa, akwai wani ɗan yanki da masu harkar ke kira kwaɗo, wanda a dogo mai araha roba ce, ba wuta a cikinta. Idan kan jirgi mai ƙafa huɗu ya ɗora ƙafa ɗaya a kan robar, saura ɗaya tak a wannan ɓangare. In ta taka datti ko ta ɗaga, shi ke nan, sai a sa yatsa a tura. Jirgin da ke gudun rabin mita a sakan yana haye santimita biyu na roba kafin ƙiftawar ido, ba wanda ya lura. Mai rarrafe yana buƙatar kusan sakan guda a kan wurin. Gudu yana rufa wa aibi asiri, rarrafe yana tona shi.

Wasanni biyu da suka ɗaga ma'auni

Muddin jirgi da'ira yake zagayawa, kamfani ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan rarrafe. Masu saye ne suka canza, kuma mutum biyu sun taka rawa a ciki. John Allen, mai ɗaukar hoto a Monterey ta jihar Kalifoniya, ya shahara da katafaren layinsa mai suna Gorre & Daphetid. Ya ƙirƙiro wani ɗan wasa a kan katako guda mai suna Timesaver, wanda mujallar Model Railroader ta buga a 1972. Rassan dogo ne gajeru masu ɗaukar tarago ƙalilan, a ba ka inda kowane tarago zai koma, a duba agogo. An ƙayyade gudun kan jirgin a hankali, abin da ke hannunka kawai gaba da baya da juya mararraba. Allen ya rasu a Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye babban layinsa, amma ɗan wasan ya bazu duniya.

A Ingila, Alan Wright ya fito da Inglenook Sidings a ƙarshen shekarun 1970. Rassa uku ne, ɗaya na ɗaukar tarago biyar, biyu na ɗaukar uku-uku, sai layin ja da baya mai ɗaukar kan jirgi da tarago uku. Taragai takwas ke filin. A zaɓi biyar ta hanyar ƙuri'a, a ce ka jera su bisa tsarin da suka fito. Hanyoyin zaɓen biyar cikin takwas a jere 6,720 ne, don haka ba a gama wasan. A ma'aunin OO duk abin bai fi tsawon benci ba, ya dace da ƙananan gidajen Ingila. Har wani masanin lissafi, Simon Blackburn na jami'ar Royal Holloway, ya rubuta takarda a kan sharuɗɗan da ke tabbatar da cewa irin wannan wasa yana da mafita kullum.

A irin wannan fili kan jirgi ba ya taɓa kai rabin gudunsa. Yana tashi, ya haye mararraba biyu, ya tsaya, ya juyo, sau da dama a wasa guda. Kan da ke tsayawa sau ɗaya cikin goma ya kashe wasan. Masu haƙuri sun riƙa gyara da hannu. Suka sa wa kwaɗo wuta da makunni, kamar yadda mararrabar Electrofrog ta kamfanin Peco ke bayarwa. Suka koma dogon da aka yi da gaurayen tagulla da nikel da tutiya, wanda ba ya tsatsa kamar baƙin ƙarfe. Suka bi dabarar Mike Sharman mai suna Flexichas, inda ake barin wasu ƙafafu su yi lilo domin nauyi ya zauna a wuri uku kuma duk ƙafafu su taɓa dogo. Suka ƙara faifan nauyi a jikin inji domin ya ci gaba da juyi idan wuta ta ɗauke na ɗan lokaci. Sannu a hankali kamfanoni suka bi sahu: Bachmann ya fitar da sabon Class 08 a 2000, Hornby ya biyo da nasa a 2005, dukansu da ƙashin ƙarfe mai nauyi da giyar da aka yi don rarrafe.

Bashin da ke tsakaninmu da su

Mu 'yan kwamfuta ba baƙi ba ne a wannan labari. A 1946 ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka suka kafa ƙungiyar Tech Model Railroad Club. Wasu cikinsu fenti da gina tashoshi suka sa gaba, wasu kuma suna ƙarƙashin tebur suna haɗa tulin makunnan tarho domin jirage da yawa su yi tafiya a lokaci guda ba karo. Waɗannan na ƙarƙashin tebur, irin su Peter Samson da Alan Kotok, su ne suka koma kan kwamfutocin TX-0 da PDP-1, kuma suna cikin waɗanda suka taimaka wa Steve Russell a wasan Spacewar! na 1962. Samson ya tattara ƙamus na kalmomin ƙungiyar a 1959, kuma daga bakinsu ne kalmar haka ta sami ma'anarta ta farko a duniyar kwamfuta, wato gwanin warware matsala da dabara, tun kafin a ɓata ta da ma'anar mai kutse. Littafin Hackers na Steven Levy, na 1984, da labarinsu ya buɗe.

A Amstadam kuma, a 1961, Edsger Dijkstra ya bayyana wata hanya da kwamfuta za ta karanta lissafi, ya sa mata sunan filin shantin. A ɗauki 3 + 4 × 2. Lambobi suna wucewa kai tsaye, alamomi kuwa ana tura su wani reshe mai toshewa. Alamar tarawa ta shiga, alamar ninkawa ta shiga bayanta, kuma tunda reshen ƙofa ɗaya gare shi, wadda ta shiga ƙarshe ita ke fara fita. Sai a ninka kafin a tara, a sami 11 maimakon 14. Donald Knuth, a juzu'in farko na The Art of Computer Programming a 1968, da zanen dogo ya koyar da wannan tsari na tari. Ya nuna cewa da reshe guda, taragai uku za su iya fita a jeri biyar cikin shida, jerin 3, 1, 2 ba ya yiwuwa. Huɗu kuma 14 cikin 24. Wanda ke wasan Inglenook yana sarrafa tari uku ne masu iyakantaccen wuri, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga baya kwamfuta ta dawo biyan bashi. A tsohon tsari, ƙarfin wutar da ke dogo shi ne gudun jirgi, ke nan a lokacin rarrafe, lokacin da aka fi buƙatar wuta ta ratsa datti, a lokacin ne ta fi rauni. A 1979 Hornby ya fito da Zero 1, mai sarrafa kawuna 16 a dogo ɗaya, Märklin ya fito da nasa tsarin a 1984. Kowane kamfani da harshensa, kayan wannan ba sa jin na wancan, kuma Zero 1 bai yi tsawon rai ba. Abin da ya zauna shi ne tsarin da Bernd Lenz ya ƙirƙiro a Jamus, wanda ƙungiyar NMRA ta Amurka, wadda aka kafa a 1935, ta ɗauka ta faɗaɗa ta wallafa a fili a farkon shekarun 1990 da sunan DCC. A wannan tsari dogo yana cike da wuta kullum, kuma wutar ita ce saƙon: tana juya fuska da sauri, gajeren bugu mai rabi-rabi na maikurosakan 58 yana nufin 1, mai 100 ko fiye yana nufin 0. Kowane kan jirgi yana ɗauke da 'yar dikoda mai lambarta, tana sauraron saƙon da aka aiko mata, tana watsi da wanda ya lalace a hanya, domin za a sake aiko shi.

Dikodar ce ta kawo wa rarrafe sauƙi. Tana ba inji cikakkiyar wuta a gutsure-gutsure masu sauri, tana yanke ta na ɗan lokaci ta auna wutar da injin ke mayarwa da kansa, wadda ke nuna ainihin gudunsa, sannan ta ƙara ko ta rage. Tana raba gudu zuwa mataki 128. Tana kwaikwayon nauyin da ma'auni ya ƙwace, ta sa kai ya tashi a hankali ya tsaya a hankali. Idan aka haɗa mata kafasita mai ajiye wuta, sai kan jirgi ya haye kwaɗon roba kamar babu shi.

Abin da mai zaɓe ke dubawa

Duk wannan tarihi yana taruwa a hannun mai saye. Ƙafa shida ta fi huɗu, kai mai ƙafafu takwas a kan kekuna biyu masu juyawa ya fi duka wajen riƙe wuta, ko da yake yana cin wuri a gajeren layi. A tabbata kowace ƙafa tana ɗaukar wuta, kuma babu zoben roba a kanta, domin zoben yana ƙara ja amma yana kashe ƙafar. A ɗaga shi a ji nauyi. A duba ko akwai ƙafafu masu lilo ko sifirin, ko akwai faifan nauyi, ko akwai wurin dikoda da kafasita a ƙaramin jikinsa. A duba tsayin maƙalli, domin kan da ke rarrafe da kyau amma ba ya kama tarago aikin banza ne. Sabon kai kuma ana barinsa ya yi ta zagaye na wani lokaci gaba da baya kafin a yanke masa hukunci, har haƙoran giya su saba da juna.

Shawara mafi nauyi da gogaggu ke bayarwa ita ce a gwada kai da wuta zalla kafin a sa masa dikoda. Idan yana ɗingishi a haka, dikoda za ta ɓoye ɗingishin ne na wani lokaci, ba za ta miƙe sandar da ta lanƙwashe ba. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A sana'armu ma akwai jarabar lulluɓe rubabben tushe da ajiyar wucin gadi da sake gwaji, manhaja ta yi kyau a ranar nuni, inda intanet ke da ƙarfi kuma waya sabuwa ce. Ranar da ta isa hannun mai tsohuwar waya a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, a nan ne take taka nata kwaɗon roba. Kuma tarihin Zero 1 da DCC ya nuna wace irin ƙa'ida ce ke daɗewa: dikodar da wani kamfani ya ƙera a shekarun 1990 tana jin umarnin na'urar da wani kamfani dabam ya ƙera bana, saboda an rubuta ƙa'idar a inda kowa zai karanta.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Masu ƙananan jirage sun ƙara da cewa sannun ita ce jarrabawa. A wurin baje kolinsu, manyan jirage masu zagaye suna tara yara, amma tsofaffin hannu sukan tsaya a gaban ɗan katako mai rassa uku, suna kallon ɗan kai mai ƙafa shida yana tura tarago guda da milimita ashirin a sakan. Idan ya haye mararraba biyu bai yi tuntuɓe ba, ya taɓa na gaba har ƙugiya ta faɗa ba tare da taragon ya motsa ba, sai su tambayi mai shi wane inji ne a ciki.